Tsohuwar Waya A Gidajen Haya: Alhakin Wa?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, labarin gobara ba ya yankewa a kunnen jama'a. A ji ɗaki ya ƙone nan, a ji shago ya tashi can, in kuwa aka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa gajeriya ce: wutar lantarki ce. Daga nan sai a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wace waya ce ta kama, yaushe aka ja ta, wa ya ja ta, kuma wa ya kamata a ce ya canza ta tun ba ta kai ga haka ba. Wannan tambaya muke so mu ajiye a gaban hukuma da masu gidaje, musamman game da gidajen haya masu ɗakuna da yawa na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda a cikinsu ne ɗimbin ƙananan ma'aikata da ɗalibai suke kwana suke tashi.

Zaman haya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a nan, garin ya zama masaukin baƙi: ma'aikatan reluwe, da masu awon gyaɗa da auduga, da fatake. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara yawan malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da ake aikawa garuruwan da ba nasu ba. Sa'an nan a 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ɗalibai suka kwararo daga ko'ina cikin ƙasar nan, duk mai fili da 'yan kuɗi ya jera ɗakuna ya zuba 'yan haya. Shinkafi kuwa kasuwarta ta isa ta jawo mata baƙi, Zurmi ma hedkwatar ƙaramar hukuma ce mai nata ma'aikatan. Da yawa daga cikin gidajen da aka gina a wancan zamani suna nan tsaye. An sake musu fenti, wasu an canza musu kwano, an kuma ƙara kuɗin hayarsu sau ba adadi, amma wayar da ke cikin bango da silin ita ce dai ta ranar farko. Wayar da aka ja a shekarar da aka buɗe kwalejin nan, yau ta haura shekara 40.

To, wace irin hidima aka ja ta domin ta yi? A wancan lokaci, ko bayan da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata a 1975 aka shiga sayen kayan lantarki, ɗakin ƙaramin ma'aikaci bai wuce ƙwan fitila ɗaya da fanka da rediyo ba. Duka-duka wat 200 ya ishe shi. Gida mai ɗaki 12 ke nan yana jan wat 2,400, watau kimanin amfiya 10, abin da siririyar waya za ta ɗauka ba tare da ta ji a jikinta ba. Yau kuwa a leƙa ɗakin ɗalibi ko na malamin firamare, za a tarar da dutsen guga, da hita ta dafa ruwa, da rishon lantarki, wani ma har da firji da talabijin. Hita ɗaya tak tana jan wat 1,000 ko fiye. In aka wayi gari da sanyin hunturu aka ga an kawo wuta, kowane ɗaki cikin 12 ɗin nan ya tsoma hitarsa a bokiti, gidan ya koma jan wat 12,000, fiye da amfiya 50 ke nan. Waya mai kaurin milimita 2.5, wadda ita ce aka saba ja wa soket, bai kamata a ɗora mata fiye da amfiya 20 da 'yan kai ba. Ta fitila kuwa, mai milimita 1.5, ba ta ma kai nan ba.

Ɗaliban sashen lantarki sun san abin da ke biyo baya, amma ya kamata kowa ya sani. Zafin da waya take yi ba daidai da nauyin da aka ɗora mata yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi. In aka ninka nauyin sau 2, zafin ya ninku sau 4. In aka ninka sau 5, kamar yadda lissafin da muka kawo ya nuna, zafin ya ninku sau 25. Wannan zafi kuwa ba a sarari yake ba balle iska ta kwashe shi. Yana can tsakanin kwano da silin, inda ranar bazara ta riga ta mayar da wurin tanderu, kusa da busasshen katako, da ƙura, da sheƙar ɓera. Robar da ta lulluɓe wayar takan bushe a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage, ɓera ya ƙarasa abin da ya rage. Ran da wayoyi biyu tsirara suka haɗu, ko wani mahaɗi da aka naɗe da leda ya saki ya fara tartsatsi, shi ke nan. Mutanen da ke kwance a ƙasa su ne na ƙarshe da za su sani, don wutar silin ba ta sallama sai ta ci rabin rufin.

An yi fis ne domin irin wannan rana. Aikinsa shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafin da zai kai ga gobara. Amma wa bai san abin da ake yi wa fis a gidajen hayarmu ba? Ya tsinke yau a ɗaura, ya tsinke gobe a ɗaura, ran na uku wani mai dabara a cikin 'yan haya ya samo wayar jan ƙarfe mai kauri ya naɗa, a yi ta yaba masa cewa ya yi maganin abin. Alhali kuwa mai gadin gidan ya kashe. Daga ranar, abin da zai tsinke in nauyi ya yi yawa shi ne wayar cikin silin. Haka nan wayar ƙasa, wadda ma'aikata ke kira atin, wadda aka yi domin ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa maimakon ta bi jikin mutum. A gidaje da yawa ba a taɓa ja ta ba, inda aka ja kuma sandar da aka binne ta daɗe da yin tsatsa. Shi ya sa da damina za ka ji ana cewa ƙofar ƙarfen gidan wane tana ja, ko famfo yana ja, a ɗauki abin kamar wasa, a gargaɗi yara kawai kada su taɓa.

Bugu da ƙari, rashin tsayayyiyar wuta ya jawo wata sabuwar matsala. Duk mazaunin waɗannan garuruwa ya san yadda wuta takan ɗauke a daɗe ba a gan ta ba, kuma ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka yi kwanaki a duhu. Saboda haka kowa ya nemi mafita. Wannan ya sayi janareta, wancan ya kafa sola da batir, aka kuma cusa su duka cikin tsohuwar wayar nan, sau da yawa ba tare da makunnin sauya layi ba. Janaretan da aka haɗa ta haka yana iya tura wuta baya ta hau falwaya, ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. In kuma wutar gari ta dawo bagatatan ta tarar da shi yana aiki, abin da zai faru sai wanda ya gani. Ga jarkar fetur a bayan ƙyaure, ga batir a ƙarƙashin gado.

Duk wannan da muka zayyana ba sirri ba ne. Masu gyaran wuta sun sani, 'yan haya sun sani, masu gidaje ma sun sani. Abin da ya hana gyara, a ganinmu, shi ne wayar gidan haya ta zama marainiya. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, Jihar Zamfara ta faɗa a rabon kamfanin Kaduna, ƙa'idar ba ta sake ba: alhakin mai kawo wuta ya tsaya a bakin mita, abin da ke bayan mita na mai gida ne. Shi kuwa mai gida sau da yawa ba a gidan yake kwana ba. Wataƙila yana Gusau, ko Sakkwato, ko Abuja, wataƙila ma gidan na magada ne su goma, ba wanda zai taɓa aljihunsa don gyaran abin da bai mallaka shi kaɗai ba. Tsakaninsu da gidan sai dillali mai karɓar kuɗi a ƙarshen shekara. Ɗan haya kuma yana lissafin cewa shekara 2 zai yi ya karɓi difilomarsa, ko a yi masa canjin wurin aiki, don me zai zuba albashinsa a bangon wani? Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce tana da gaskiya. Sai dai in an tara su wuri ɗaya, sakamakon shi ne mutum 40 ko 50 suna kwana ƙarƙashin wayar da ba mai duba ta.

Halin da yankin yake ciki ya daɗa tsananta al'amarin. Matsalar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin garuruwa, ɗakin da aka gina don mutum biyu ya koma na iyali guda, zaure da kicin da shago duk sun zama wuraren kwana, kowanne kuma an ja masa 'yar wayarsa daga soket ɗin maƙwabci. Tsoro ya sa an dasa wa kowace taga ƙarfe, ana kuma garƙame ƙofar gida da kwaɗo biyu ko uku tun da magariba. Ba mai ganin laifin wanda ya kulle gidansa a wannan zamani. Amma gidan da ɓarawo ba zai iya shiga ba, shi ne kuma gidan da mai barci ba zai iya fita da sauri ba. Mutanen Ƙauran Namoda ba sa bukatar a ba su labarin saurin wuta da dare, domin a watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi a wata makarantar allo a garin ta ci ran almajirai 17. Ba waya aka ce ta haddasa wannan ba, amma ta nuna abin da wuta take yi in ta sami mutane cunkushe suna barci. A London ma, gobarar benen Grenfell ta ran 14 ga Yuni 2017, wadda ta kashe mutum 72, daga firjin gida ɗaya ta faro. A gidan tarayya, sakacin ɗaki ɗaya na kowa ne.

Doka ba ta yi shiru ɗungurungum ba. A 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa duba aikin wayar lantarki da ba da shaidar ingancinsa kafin a haɗa shi da layi, da kuma tantance masu sana'ar jan waya. A shekarar ce kuma hukumar NERC ta fito da ƙa'idojin yadda za a ja waya a gine-gine. Amma fa ƙarfin wannan tsari ya fi faɗawa kan sabon aiki. Gidan da aka haɗa tun zamanin NEPA, aka yi ta yi masa ƙari ɗaki bayan ɗaki, ba wanda yake komawa ya ce a buɗe silin a gani. Nan ne giɓin yake. Ingila ta toshe irin wannan giɓi da dokar 2020, wadda ta wajabta wa duk mai ba da gida haya ya sa ƙwararre ya gwada wayar gidan aƙalla sau ɗaya cikin kowace shekara 5, ya kuma ba ɗan haya kwafin takardar sakamakon. Ba mu ce a kwaso dokar Turawa a dasa a Zurmi yadda take ba. Abin ɗauka a cikinta ɗaya ne: ta ambaci sunan wanda alhakin yake wuyansa, watau mai karɓar kuɗin haya.

Mu ma nan ya kamata mu sa gaba. Sha'anin haya da na gine-gine dama a hannun jiha yake, ga shi kuma gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yuni na wannan shekarar sun buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara da ta yi doka mai sauƙin fahimta, wadda za ta ce duk gidan da ake ba iyali fiye da ɗaya haya, ko yake da ɗakunan haya fiye da adadin da za a ƙayyade, tilas a gwada wayarsa lokaci-lokaci, a manna takardar shaida a zaure inda kowa zai gani. Dattawa suna tune da duba-gari na zamanin En'e, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da masai, mutane suna ƙorafi amma suna share gida. In an iya duba randa a wancan zamani, ba abin da zai hana a duba allon fis yau. Sai dai a bi ta hannun masu unguwanni da dagatai, a sanar da masu gida kafin a zo, saboda mutuncin iyali. A kuma yi hattara kada takardar ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro, don shaidar da aka saya da kuɗi ta fi rashin shaida haɗari, tun da za ta sa mutane su saki jiki.

Za a ce ina ma'aikatan da za su yi wannan aiki? Suna nan a Ƙauran Namoda. Kwalejin tarayya tana yaye ɗaliban aikin lantarki kowace shekara, ana kuma tura su koyon aiki wurare masu nisa, wasu su ƙare da zaman benci a ofis. Me zai hana ƙananan hukumomin uku su haɗa kai da kwalejin, ɗalibai su zaga gidajen haya ƙarƙashin malamansu da ma'aikata masu lasisi, su rubuta halin da kowane gida yake ciki? Ita kanta kwalejin, tare da ƙungiyar ɗalibai, tana iya buɗe rajistar gidajen da aka gwada, ta riƙa nuna wa sababbin ɗalibai. Mai gidan da ya ga ɗakunan maƙwabcinsa sun cika nasa suna nan wayam, ba sai an kai shi kotu ba. Gwamnati kuma ta fara da kanta, ta duba gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan makarantu da na asibitoci, don ba ta da bakin tsawata wa mai gida muddin nata allon fis ɗin da ƙusa aka toshe shi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce masu gidaje za su fara tayarwa, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Jan ƙarfe ya yi tsada, sake wayar gida mai ɗaki 12 gaba ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, akwai kuma gwauraye da tsofaffi da marayun da kuɗin hayar nan ne abincinsu. In aka matsa musu lokaci ɗaya, ko dai su ɗora wa 'yan haya, ko su rufe gidan, duka biyun kuwa talaka ne zai sha. Saboda haka a ba da wa'adi, a kuma yi aikin daki-daki. Abin da ya fi gaggawa shi ne ya fi araha: a cire tsohon allon fis a sa bireka daidai da kaurin wayar, a ƙara da na'urar nan mai katse wuta nan take in ta fara bin jikin mutum, a binne sabuwar sandar ƙasa a gwada ta, a kwance duk mahaɗin da aka naɗe da leda. Bayan haka a raba layi, kowane ɗaki ko kowane sashe da nasa, yadda nauyin gida duka ba zai taru kan waya ɗaya ba. In da hali kowa ya sami mitarsa, abin da zai kashe rigimar rabon kuɗin wuta da ke haɗa maƙwabta faɗa kowane wata. Canza wayar cikin bango sai ya zo daga baya, sashe-sashe, a fara da mafi tsufa. Tun da yawanci kuɗin shekara ake biya a dunƙule, ana iya yin yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, 'yan haya su biya mai gyara kai tsaye a cire daga kuɗin haya.

Wajen sayen kaya kuma a buɗe ido, domin araha ba ta ado. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta wa milimita 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda cikinta alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Wanda ya cire tsohuwar waya ta gaskiya ya sa sabuwa ta jabu, gara ma da ya bar ta. Wayar da ake yi a masana'antun ƙasar nan, mai ɗauke da tambarin hukumar SON, ta yi suna wajen inganci, ita ya kamata a nema. Aikin kuma a ba mai takardar shaida, kada a ba yaron da ya yi wata 3 yana riƙe wa maigidansa tsani.

'Yan haya ma ba za mu wanke su tas ba. Malamin da ya jona hita da dutsen guga da risho a soket ɗaya, da ɗalibin da ya cusa tsirarar waya a rami ya tokare da tsinken ashana, da wanda ya fita aiki ya bar komai a kunne don ba wuta lokacin da ya fita, duk suna da kaso a cikin abin da zai faru. Imani da ƙaddara bai taɓa hana kowa kulle ƙofarsa da dare ba, bai kamata ya hana shi kashe makunni ba. Waya kuwa takan yi gargaɗi kafin ta kama: ƙaurin roba, soket mai ɗumi ko wanda bakinsa ya yi baƙi, fitilar da ke dushewa in an kunna dutsen guga, fis mai yawan tsinkewa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sanar da mai gida a rubuce, ya ajiye kwafi, in ba a yi komai ba ya kai maganar gaban mai unguwa. Kafin ma'aikaci ko ɗalibi ya biya kuɗin ɗaki, yadda yake tambayar ruwa da banɗaki, ya tambayi shekarar da aka ja wayar gidan, ya ce a nuna masa babban makunni. Kowane babba a gidan ya san inda makunnin nan yake da inda ake ajiye mabuɗin ƙofar waje, a kuma tanadi bokitin yashi a tsakar gida, don wutar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe layi.